INA GIDAN TALABIJIN NA SARDAUNA YA SHIGA?

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda daga Malumfashi. Ya ce ran nan yana cikin koyar da tarihi, sai wani yaro ya miƙe ya ce kakansa ya kan ba su labarin wani gidan talabijin wai shi RKTV, wanda a ke shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a kalla da dare. Yaro ya ce ya bincika tashoshin akwatinsu kaf bai gan shi ba, ko tsufa ne ya ruɗa tsoho? Malamin ya ce shi ma ya rasa amsa, don haka ya roƙe mu mu warware masa.

To, Malam, ka gaya wa almajirinka tsoho bai ruɗe ba. Ga yadda abin ya ke.

Jihar Yamma ce ta fara kafa talabijin a Nijeriya, a Badun, cikin Oktoba 1959, Awolowo yana Firimiya. Jihar Gabas ta bi sawu a Inugu cikin 1960. Da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ga haka, bai yarda Arewa ta zauna 'yar kallo ba. Gwamnatinsa ta haɗa jari da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, watau BCNN. Cikin Maris 1962 aka fara aiki a Kaduna, rediyo da talabijin a gida ɗaya. Shi ne RKTV ɗin da tsoho ya ke faɗi. Ku mutanen Malumfashi da Funtuwa kuwa kuna da haƙƙi a cikinsa, gama Gwamnatin Arewa ta lokacin da haraji da kuɗin gyaɗa da auduga ta ke aiki, auduga kuwa an san inda a ke noma ta.

Cikin 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa. Jihohin nan shida suka ci gaba da riƙon gidan tare, kamar 'yan'uwan da uba ya rasu ya bar musu gandu ba su raba ba. Haka aka yi ta tafiya har zamanin Janar Obasanjo, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ga ya kamata ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa ta yi magana da murya ɗaya. Doka ta 24 ta 1977 ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, aka tattara dukan gidajen talabijin a hannunta. Na Kaduna ya zama NTV Kaduna, daga baya NTA Kaduna, sunan da ya ke amsawa har yau. Sashen rediyo shi ma ya koma hannun Tarayya cikin 1978. Ka ji yadda sunan RKTV ya ɓace. Gandu yana nan, mai shi ne ya sake.

Tsofaffin ƙasarku za su gaya maka yadda a ke kallo a da. In an sayar da auduga, mai hali ya sayi akwatin baƙi da fari, a ɗaura eriya a kan doguwar gora, inda babu lantarki a jona batirin mota. Hoto ya yi ta yayyafi, a tura yaro ya juya gora, na ciki suna ihu, ya yi, ya yi! Duk wannan wahala kuwa don a ga Samanja Mazan Fama yana yi wa kuratansa tsawa da Hausar barikin soja, ko a ga Ƙasimu Yero, wanda tun bai buɗe baki ba dariya ta ke kama mutane. Akwati ɗaya ya ishi unguwa, gobe a kasuwa kowa zancensa ke nan. Tun daga 1992, da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu gidajen, tashoshi suka yi ta yawa, har ga shi yanzu kowa da tasa a tafin hannu.

Amma, jama'a, ga abin da ya dame mu cikin takardar nan. Gidan da aka gina da gumin kakanni, jika bai ko san sunansa ba, malaminsa ma haka. Ƙasimu Yero ya rasu cikin 2017, Usman Baba Pategi, watau Samanja, cikin 2023. Faifan da a ke ɗaukar shiri a kansa a wancan zamani ba dutse ba ne, zafi da laima suna cinye shi, injin da zai juya shi ma yana neman zama abin tarihi. Abin da ya lalace ciki ya tafi ke nan, da Hausarsa, da tufafinsa, da fuskokin mutanensa.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta kwafe abin da ya rage cikin kwamfuta tun da sauran dama, a ajiye kwafi a Gidan Arewa na Kaduna, gidan Sardauna na da, inda masu bincike za su same shi. Ku kuma malamai da akawuna, alƙalami yana hannunku. Wanda ke da tsohon kaset a ƙasan adaka kada ya yar. Wanda ke da dattijon da ya yi aiki a gidan nan, ko ya yi kallo, ya zauna gabansa ya rubuta. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Kai kuma Malam, ka sa yaron nan ya koma wurin kakansa da takarda da fensir. Abin da ya rubuto ka aiko mana, za mu buga shi a wannan shafi.