"Bayan La'asar Za Mu Zo Duba Gidan": Shirin Sa'o'i Biyar Ga Mai Sayar Da Gida A Asawase



Yau za mu taɓo abin da ke samun 'yan uwa da dama a Asawase, Aboabo, Sawaba da Akwatia Line. Mutum ya sa gidansa a kasuwa, ko don jari ya yi rauni, ko don magada suna son a raba, ko kuwa yana shirin komawa Kano ko Maraɗi bayan shekaru yana fatauci. Wata uku shiru kake ji. Sai rana ɗaya da hantsi, yana tsakiyar ciniki a Kejetia, dillali ya bugo waya: "Alhaji, an samu mai saye. Daga Jamus ya zo, jibi zai koma. Bayan la'asar za mu zo."

To, daga hantsi zuwa la'asar bai wuce sa'a biyar ba. Ba za a yi fenti ba, ba za a sake kwano ba. Me za a yi a ciki? Shawarata a taƙaice: a bar shi ya ga gidan cikin gaggawa, amma kada a yarda a sayar cikin gaggawa.

Waya uku kafin tsintsiya

Kafin a ɗauki tsintsiya, a ɗauki waya. Kira na farko na uwargida ne. Gidan Zango ba kango ba ne, akwai mata da yara, akwai mai dafa wake da shinkafa ta sayarwa a tsakar gida, akwai mai gasarar koko a jiƙe. Rashin mutunci ne baƙi su faɗo musu babu sanarwa. Ga kuma doka: Dokar Filaye ta Ghana ta 2020 ta ce gidan da ma'aurata suka samu tare a zaman aure, ɗaya ba zai sayar ba sai da rubutacciyar amincewar ɗayan. Don haka Hajiya ba shara kawai za a ce ta yi ba, sai an ji bakinta.

Kira na biyu na 'yan haya ne. Ɗakin da mutum ya biya kuɗinsa, ba a buɗe shi a bayan idonsa. A roƙe su cikin girmamawa, wanda ya yarda a leƙa nasa, wanda ba ya nan a bar ƙofarsa a rufe. Ɗan hayar da aka wulaƙanta, da magana ɗaya a bakin ƙofa zai rushe maka ciniki.

Kira na uku na wani babba ne a dangi ko amintaccen maƙwabci, ya zo ya tsaya tare da kai. Idan gidan gado ne, wannan kiran ya zama dole. Kada ƙannenka su fara jin labari daga bakin yaran unguwa cewa an ga Yaya yana zagayawa da baƙo a gidan Baba. Rigimar gado da yawa daga nan take tashi.

Abin da hanci da ido ke fara kamawa

Mai saye tun daga bakin lungu yake fara yanke hukunci. Don haka a fara da kwatar ƙofar gida: a kwashe leda da robobin ruwa, a kora da ruwa. Sannan zaure, sannan makewayi da wurin wanka. Duk wanda ya san gidan haya ya san cewa bayi ne ke faɗin gaskiyar gida. A wanke shi da omo da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a kankare gansakukar da ke jikin bango, a bar ƙofa a buɗe ya sha iska.

A tsakar gida, a sauke shanya, a tattara bokitai da tukwane da buhun gawayi a kusurwa ɗaya. Mai abincin sayarwa ba a ce ta kashe wuta ba, abincinta ne da na 'ya'yanta, amma a roƙe ta ta share toka ta zubar da ruwan wanke-wanke. Awaki da kaji a ɗaure su a baya. A buɗe tagogi, a ɗage labule, a sauya ƙwan lantarkin da ya mutu. A duba mita akwai kuɗi a ciki, don abin kunya ne a ce a kunna fanka ta ƙi tashi. Idan famfo ba ya zuwa ranar, a tabbata tanki ko durom yana da ruwa. Turaren wuta kaɗan ya isa. Idan hayaƙi ya yi yawa, mai wayo zai fara tambayar kansa wane wari ake rufewa.

Sai kuma abin da ya shafe mu 'yan kasuwa. Yawancinmu akwai ɗakin da muka mai da shi sito: huhun goro, buhunan shinkafa, dilar atamfa, kwalayen kaya. A jera su a jikin bango ɗaya a lulluɓe da tamfol, don ɗaki ya nuna faɗinsa, kuma don ba kowane mai duba gida ne mai saye ba. Wani lissafin abin da ke ciki ya zo yi. Kuɗi, gwal ɗin mata, fasfo da wayoyi a kulle su tun kafin a yi sallama.

Gyara daban, ɓoye aibi daban

Nan ne mutane ke zamewa. Kumasi gari ne na ruwan sama, damina biyu a shekara, kuma duk wanda ke kusa da rafin Aboabo ya san abin da ambaliya ke yi. Akwai mai jan kabad ya rufe shatin ruwa a bango, akwai mai shafa farar ƙasa a silin da ke yoyo. Wannan ba shiri ba ne, algus ne, kuma malamanmu kullum suna faɗa cewa ɓoye aibin haja yana cire albarkar ciniki. Ban da haka, a Zango ba a ɓoye komai. Mai saye zai tsaya wurin mai shayi, ko ya yi magariba a masallacin unguwa, kafin isha'i ya ji tarihin gidanka tun daga harsashi.

Gara ka riga su. "Alhaji, ɗakin nan na ƙarshe yana yoyo, kwano huɗu ne ke buƙatar canji, na rage kuɗinsu a farashi." Wanda ya ji haka daga bakinka zai gaskata sauran maganarka.

Takarda ta fi fenti

Mai sayen da ya san abin da yake yi, bayan ya zagaya, tambayarsa ɗaya ce: ina takardu? Mafi yawan ƙasar Kumasi tana ƙarƙashin sarautar Asante, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa mallaka ta har abada. Abin da ke hannunka haya ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa. Don haka ka san shekarar da aka fara ƙirga taka da adadin da ya rage, domin shi ne ainihin abin da kake sayarwa. Tsohon rukunin gidajen Asawase tun shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta gina shi, ka ga kuwa shekaru sun ja, dole a duba abin da takardar kowane gida ta ce.

Haka kuma ka san wa ke saye. Wanda ba ɗan Ghana ba, tsarin mulki bai ba shi fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. Ɗan uwanmu da ya zo daga Najeriya ko Nijar da kuɗinsa, a gaya masa wannan tun farko, kada daga baya ya ce an rufe shi.

A haɗa waɗannan a jaka ɗaya: takardar hayar filin, taswirar filin, rasit na kuɗin ƙasa, rasit na harajin gida da ake biya wa ƙaramar hukumar Asokore Mampong, da takardun wuta da ruwa na baya-bayan nan. In gado ne, a haɗa da takardar kotu da ta ba da ikon kula da dukiyar mamaci. A aika yaro ya yi hoton kowace. Hoton ake nunawa, na asali ba ya barin hannunka, ko da dillalin ɗan unguwarku ne.

A rubuta kuma sunayen 'yan haya da watan da kuɗin kowa zai ƙare. Dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, amma kowa ya san ana karɓar shekara ɗaya har biyu. Idan ka ci kuɗin mutum na shekara biyu, mai saye yana da haƙƙin sani, ɗan hayar kuma ba a watsa masa kaya waje don gida ya sauya hannu.

Idan sun iso

Ka tarbe su a zaure, a gaisa, a ba su ruwa. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su yi shiru. Kada ka cika shi da yabon gida, bar shi ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa bango, ya yi tambaya. Abin da ke sayar da gida a Asawase a fili yake: kusancin Babban Masallacin Kumasi, kasuwa, Kejetia da hanyar filin jirgi. Kada kuma ka bayyana matsuwarka. Da zarar an ji bashi ne ya taso ka, tayin zai faɗi ƙasa.

Sai babban tarko: "Jirginsa jibi ne, ga kafin alƙalami a leda, sa hannu a nan." A'a. Ka ce madalla, za mu yi shawara. Mai saye na gaskiya shi da kansa zai so ya je Hukumar Filaye ya yi bincike, kuma dokar 2020 ta ce lauya ne ke rubuta takardar sauya mallaka. In tafiya ta kama shi, ya wakilta wani a rubuce. Kuɗi su bi ta banki, a gaban shaidu. La'adar dillali ma a yanke ta tun kafin baƙo ya taka ƙofa, kada a zo ana cacar baki bayan an sallama.

Duba gida aikin rabin sa'a ne, amma gidan da aka tara kuɗinsa shekara ashirin a kan hanyar Kumasi zuwa Bawku ko Legas, bai kamata a rabu da shi tsakanin la'asar da magariba ba. Wanda ya ga gidan ya yi masa, zai dawo ko ya aiko.

Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya haɗa mu da masu saye na gari. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.