Ku Sauke Gicciye Daga Bango, Ku Ɗora Shi a Kafaɗa

 Gicciye ya wadata a wurinmu. Yana wuyan 'ya'yanmu, yana lilo a gaban mota, yana kan rufin majami'u tun daga Wusasa har Mubi. Masu ɗaukarsa ne suka yi ƙaranci, abin da ke ci mini rai ke nan.

Ranar da Yesu ya kawo zancen ɗaukar gicciye a yankin Kaisariya Filibi, ba wanda ya ji daɗinsa. Bitrus bai daɗe da shaida cewa shi ne Almasihu ba, amma da ya ji batun wahala da kisa, sai ya ja Ubangijinsa gefe yana tsawata masa. Ai mutanen nan sun san gicciye da idonsu. Bayan mutuwar sarki Hirudus, wani gwamnan Romawa mai suna Farus ya gicciye Yahudawa wajen 2,000 saboda tawaye. Duk wanda aka gani ya saɓa gungume, sojoji na biye da shi, an san ya yi sallama da gida. Da wannan abin tsoro Yesu ya kwatanta binsa. Markus, a sura ta 8, ya ce sai da ya kira taron jama'a tare da almajiransa kafin ya faɗa, don kada wani ya ce maganar fastoci ce. Luka kuma, a sura ta 9, ya nuna aikin kowace rana ne.

Mu kuwa mun mai da kowace damuwa gicciye. Ciwo, rashin aiki, miji mai duka, duk sai a ce wa mutum ya yi haƙuri, gicciyensa ne. A'a! Mara lafiya a kai shi asibiti, macen da ake duka ikilisiya ta tsaya mata. Gicciyen almajiri shi ne abin da kake da hanyar kauce masa, amma ka rungume shi saboda Almasihu.

Ku dubi Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus. A 1939 yana zaune lafiya a Amurka, yaƙi na ƙaratowa, abokai na roƙonsa ya zauna. Cikin 'yan makonni ya hau jirgin ruwa ya koma ƙasar da Hitler ke mulki, domin ba zai iya barin 'yan'uwansa cikin wuta shi yana inuwa ba. Ranar 9 ga Afrilu, 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg. A nan gida ma muna da Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika a lokacin, wanda Boko Haram suka sace suka kashe a Janairun 2020. Waɗanda suka ga bidiyonsa yana hannunsu sun ga mutum natsattse yana gode wa Allah, ba zagi, ba tsinuwa. To da wane baki mai wa'azi zai hau bagadi ya ce wanda ya bi Yesu ba zai ga wahala ba, ya dai shuka iri ya girbi mota?

Yawancinmu ba za a ɗora mana wuƙa a wuya ba. Namu musun kai yana ofis, inda fayil ɗin gwauruwa ke kwance sai ta ba da na goro. Yana kasuwa, a gindin mudun da aka bubbuga ya lotsa. Yana zauren jarrabawa. Yana taron dattawa, inda ake ƙin fasto nagari don ba ɗan ƙabilarmu ba ne, alhali Jibin Ubangiji ɗaya muke ci.

Mafi nauyinsa kuwa, ku matasa, shi ne barin ramuwa. Na san an ƙone mana majami'u, an binne mana iyaye, zuciya na tafasa. Ku nemi haƙƙinku, ku je kotu, ku ɗaga murya har gwamnati ta ji. Amma wanda muke bi, yana rataye da ƙusoshi ya roƙa wa masu kisansa gafara. Hannun da aka yi wa baftisma ba zai cinna wa shagon maƙwabci wuta ba, ko da kuwa abokai za su kira ka matsoraci. Ka haɗiye wannan sunan, shi ma gicciye ne.

Saboda haka ku tashi! Kafin Lahadi mai zuwa, wanda ya riƙe kuɗin wani ya mayar. Wadda ta shekara ba ta gaisa da 'yar'uwarta a zumuntar mata ba, ta taka har gida ta fara sallama. Mai hatsi a rumbu ya auni rabon 'yan gudun hijira tun kafin a yi shelar baiko. Ku fastoci kuma, ku faɗa wa masu neman baftisma gaskiyar abin da ke gabansu tun ba su shiga ruwa ba.