Yankan tumbi ba yawon buɗe ido ba ne

Jama'ar Diffa! Yau da masu tallar aikin rage ƙiba nake, waɗanda suka cika mana TikTok da WhatsApp: wai ka biya kuɗi, a kai ka Tunisiya ko Turkiyya, a yi maka aiki, bayan mako guda ka dawo siriri. Haba! Sai ka ce cinikin buhun tattasai?

Gaskiya dai aikin yana da amfani. Likita yana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, mutum ya rinƙa ƙoshi da ɗan abinci kaɗan. Da yawa suna zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ciwon suga da hawan jini su yi sauƙi. Amma an tanade shi ne don mai ƙibar da ta zama cuta, bayan likitoci sun auna shi, sun yi masa gwaje-gwaje.

Abin da ƴan talla ke ɓoyewa shi ne bayan aikin. Ɗinkin tumbi kan iya yoyo bayan kwanaki, kuma wannan maganar gaggawa ce. Wa zai duba ka, alhali wanda ya yi aikin yana wata ƙasa, Yamai kuma tana nesa da mu fiye da kilomita 1,300? Sannan sai shan bitamin B12 da maganin ƙarin jini har ƙarshen rayuwa, da awon jini a kai a kai. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu, ga tumbin da ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda. Mai noma a bakin Komadugu ya yi tunani.

Kuɗi ma ba sa hana haɗari. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sipaniya a Oktoban 2005 bayan aikin zuƙe kitse. Nata aikin kwalliya ne, amma wuƙa wuƙa ce.

Don haka ƴar uwa, ɗan uwa, kafin ki sayar da zinari ko ka jinginar da gona, a fara ganin likita a babban asibitin Diffa. A tambayi mai talla: wa zai kula da ni in na dawo? In ya kama kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Allah ya ba mu lafiya.