Awon Hayaƙi a Jikin Jinjiri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kamar yadda aka saba, in ba jama'a labarin wani awo da aka yi a ƙasar Gwatamala, kudu da Meziko.

Daga 2002 zuwa 2004, wani malami na Jami'ar Kaliforniya, Kirk Smith, da abokan aikinsa suka zaɓi gidaje 534 a kan duwatsun San Markos, inda ake dafuwa da itace a cikin ɗaki. Kowane gida da mai ciki ko jinjiri. Aka gina wa kimanin rabinsu murhu mai bututun fitar da hayaƙi, sauran suka zauna da na gargajiya.

To, ga inda hikimar take. Ba su tsaya ga rataye ma'auni a madafa ba. Sai suka maƙala wa jinjirin kansa wani ɗan bututun gilashi a riga, ya kwana biyu da shi. Abin da ke ciki yana sāke launi gwargwadon iskar nan mai guba ta garwashi, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle kala.

Da aka buga sakamako a 2011, sai aka ga abin mamaki. Gubar madafa ta ragu da wajen kashi 90 cikin ɗari, amma abin da yaro ya shaƙa rabi kaɗai ya ragu. Dalili kuwa, jinjiri ba tukunya ba ne da zai zauna wuri guda. Yana goye a bayan uwa, ta shiga maƙwabta da shi, hayaƙin bututu kuma ya kewayo ta ƙofa. Mutanen can suna da wani ɗan ɗakin wankan turiri da ake hura wa wuta, gubarsa kuwa ba kaɗan ba ce. Duk da haka ciwon huhu mai tsanani ya ragu da wajen sulusi.

Wannan ɗakin wanka shi ya tuna mini da jegonmu, inda akan kwana da garwashi ƙarƙashin gado, ƙofa a rufe, musamman da hunturu. Ban ce a bar kula da mai jego ba. Amma ina roƙon malamai da akawuna, masu karanta wa iyalinsu jarida, su sa a fitar da garwashin kafin barci, a bar taga a buɗe, in an hura itace kuma a miƙa jinjiri ga wata ta riƙe a tsakar gida.

Haza wasalam.