Me ya sa hatsi ke arha da kaka, ya yi tsada da damana?

Ƴan uwa manoma, kowace shekara kukanmu ɗaya ne. Da kaka muna saida hatsi da arha, da damana mu saye shi da tsada. Sai mu ce ƴan kasuwa sun cuce mu. Gaskiya ne akwai masu ɓoye hatsi. Amma bari mu dubi kasuwa da kyau.

Cikin Oktoba da Nuwamba kowa ya yi girbi. Ga biyan bashi, ga aure, ga kayan ƴan makaranta. Lokaci guda muke ɗora buhuna bisa amalanke mu nufi kasuwa. Masu saidawa sun yi yawa. Masu saye kaɗan ne, tunda kowa na da abinci cikin rumbu. Dole kuɗin tiya ya faɗi. Kafin watan Yuli rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya saida jiya, yau shi ne mai saye. Hatsin bai sake ba. Yawansa ne ya ragu, masu nema suka ƙaru.

Mu tuna shekarar 2005. A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa wa gonaki. A arewacin Najeriya ma hatsi ya yi tsada, bai shigo mana kamar da ba. Cikin watan Yuli na 2005 buhu mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Don sayen abinci, jama'a suka kai bisashe kasuwa gaba ɗaya, sai kuɗin akuya ya karye. Talaka ya sha duka biyu: abin da yake saye ya hau, abin da yake saidawa ya sauka. A jihar Maraɗi wuraren jinyar tamowa suka cika da yara, alhali ga hatsi jibge cikin kasuwa.

A ganinmu, zagin ɗan kasuwa ba ya cika tiya. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage saidawa lokaci guda. Amfanin bankin hatsi ke nan: gari ya sayi hatsi da kaka, ya aje, ya saida ma mutanensa da rangwame cikin damana. Sai dai bankuna da yawa sun mutu don an ɗauki hatsi bashi, ba a biya ba. Tun kafin girbi gari ya zauna ya tsaida wa zai riƙe makulli, wa zai rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma nawa za a saida tiya.