Sulhu da hatimi

Kisan Toda na 1991, a jihar Maraɗi, ya nuna wa Nijar inda rikicin manoma da makiyaya ke kaiwa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye domin magance shi. A ƙasar Matameye kuwa, idan shanu suka faɗa gona da kaka, mai gari da ardo ne ke kashe wutar. Amma kuɗin wanzar da zaman lafiya na ƙetare sai ƙungiya mai izini daga Yamai, da asusun banki, da rahoto cikin Faransanci. Dattijo ba shi da hatimi, mai hatimi bai san burtali ba. Jama'ar biro, ku karɓi rahotonsu da Hausa, ko da ajami ne.