Mai Tsaron Rumbun Bayanai

A da can, wanda ke lura da kwamfutocin kamfani ma'aikacin ɗakin baya ne, ba a tunawa da shi sai ranar da injin lissafin albashi ya tsaya. A cikin 1981 ne William Synnott, wani ma'aikacin banki a Boston ta Amurka, shi da William Gruber suka fito da sunan Babban Jami'in Kula da Bayanai, suka ce lalle a ba shi kujera cikin manya. Kada a ɗauka shi ne jami'in watsa labarai da aka sani a ma'aikatun gwamnati. Wannan shi ne mai riƙe da makullin rumbun da aka tara sirrin kamfani da na abokan cinikinsa.

Abin da ya faru daga baya ya gaskata maganarsu. A cikin 2013 ɓarayi suka kutsa kwamfutocin kantunan Target na Amurka ta hanyar wani ɗan kwangila, suka kwashe bayanan katin kuɗi wajen miliyan 40. Jami'ar kula da bayanai ta ajiye aiki a watan Maris na 2014, shugaban kamfanin kuma ya bi sawunta a watan Mayu. A cikin 2017 aka sace bayanan mutum kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax, nan ma shugabanni suka sauka. Ran 19 ga Yuli, 2024, kuskure guda a manhajar kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfuta kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka yi cirko-cirko.

Saboda haka aikin jami'in ya wuce gyaran inji. Yau shi ne mai ba da shawara a kan abin da za a saya, da wanda za a ba amanar ajiya, da dokar kowace ƙasa da kamfani ke ciniki a cikinta. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 tana iya cin tarar kamfani har kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. Nijeriya ma ta kafa tata dokar kare bayanai a 2023.

Amma akwai gyara. Wurare da yawa sukan ɗora wa jami'in nauyi, su hana shi kuɗi da iko, in abu ya ɓaci kuma a ce laifinsa ne. Wannan zalunci ne, kuma ganganci ne. Wanda za a tuhuma ranar asara, dole a saurare shi ranar kasafi.

Ya kamata manyan sakatarori su duba wanda ke riƙe da bayanan albashi da na fansho a ma'aikatunsu, da matsayin da aka ba shi. Ɗalibai masu sha'awar wannan aiki kuwa su haɗa ilmin kwamfuta da na lissafin kuɗi da doka, gama kamfanoni suna neman wanda zai iya yi wa hukumar gudanarwa bayani ta fahimta.